Ƙararrawar da Take Raba Aji Biyu

Gangaren Tudu, Keffi.

Zuwa ga autata Maryam,

Assalamu alaikum. Ina miki gaisuwar uwa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki kin sauka lafiya, kin sha ruwa, kin wartsake gajiyar wannan muguwar hanya tamu. Allah Ya tsare ki a tafe, Ya tsare ki a zaune, Ya haɗa ki da mutanen kirki.

Na san za ki yi dariya, ki ce Mama da tsohon yayi, ga waya amma sai an rubuta wasiƙa. Ke dai bari. Ni da ke mun san halin juna. In na fara magana sai ki ce "Na ji, Mama," alhali idonki na kan waya. Kuma akwai maganar da ba zan iya faɗa miki ido da ido ba. Shi ya sa na cusa takardar nan a ƙarƙashin ledar ƙuli-ƙuli, don na san ita za ki fara buɗewa kafin ki nemi ko sabulu.

Ranar da kika dawo daga ofishin ilimi kina tsalle, kika ce an ba ki koyarwa a firamaren ƙauyenmu, kin ga na nemi turmi na zauna. Kin ɗauka nisan wurin ne ya dame ni. Ba shi ba ne. Duk ƙauyukan da ke ƙasar nan, sai aka tura ki inda yayata Rifkatu take zaune. Kin tashi kin ga ba ma ziyartar juna, sai dai mu haɗu a zaman makoki mu gaisa sama-sama. Duk lokacin da kika tambaye ni sai in ce sha'anin manya ne. To, yau kin zama Malama, za a damƙa miki 'ya'yan mutane, sha'anin ya zama naki.

Ni da Yaya Rifkatu uwa ɗaya uba ɗaya muke. Da mahaifiyarmu ta rasu aka raba mu riƙo. Ita aka bar ta a ƙauye wurin kawunmu mai zuwa coci, ta tashi Kirista. Ni gwaggonmu ta ɗauko ni zuwa Tudun Ƙofa nan cikin Keffi, na tashi Musulma, aka sa mini Hauwa. Amma sunan da uwarmu ta kira ni da shi Asabe ne, kuma duk duniya Yaya kaɗai ta riƙe shi. Addini bai taɓa shiga tsakaninmu ba. In na je Kirsimeti, sai ta aika ruga a kira Bafulatani ya yanka akuya don in ci. In ta zo Sallah, ita ce kan tukunyar tuwo tana mini faɗa wai ban iya tuƙi ba.

Da 'yarta Ladi ta isa makaranta, firamaren ƙauye a lokacin suna kawai take da shi, malami sai ya ga dama yake zuwa. Ni kuwa ina koyarwa a firamaren gwamnati nan kusa da mu. Yaya ta kawo mini yarinyar da kanta, ta ce, "Asabe, kan yarinyar nan na ja. Ki sa ta a makarantarku ta zama nas. Abu ɗaya nake roƙo, ran Lahadi ki bar ta ta je coci." Na ce, "Haba Yaya, wannan har sai kin roƙa?" Da bakina na faɗa, ina dariya.

Aka sa Ladi a ajina, benci ɗaya da yayanki Sani. A makarantarmu, in aka kaɗa ƙararrawar darasin addini, aji yakan rabu biyu. Yaran Musulmi su zauna a aji tare da ni, yaran Kirista su kinkimi bencinsu su tafi gindin mangwaro wurin Malam Bitrus, malamin da ke koyar da su. Ranar farko da aka kaɗa, yaran Kirista suka miƙe, Ladi ma ta miƙe. Ba ta jin Hausa sosai a lokacin, ba ta san kowa ba sai Sani. Ta tsaya tsakanin benci da ƙofa, ta zuba mini ido tana jira in gaya mata inda za ta. Maryam, kalma ɗaya ce, in ce "Bi su." Sai na juya na fuskanci allo, na fara rubutu. Da na waiwayo ta koma ta zauna.

Ban ce mata zauna ba, kuma da wannan na yi ta kare kaina shekara da shekaru. Amma ki ji ni da kyau. Yaro ba ya jiran malami ya yi magana, fuskarsa yake karantawa. Ke ce mai bulala, ke ce mai jan biro, ke ce mai cewa ya ci ko ya faɗi. In kika yi shiru a wurin da ya kamata ki yi magana, kin riga kin ba da umarni. Duk yaron da ya tsaya yana kallonki in an kaɗa wannan ƙararrawa, ki tambaye shi ina iyayensa suke ibada, ki kama hannunsa ki kai shi da kanki.

Ban taɓa tambayar kaina ba ma me ya sa kullum su ne masu fita. Mu ne da yawa, shi ke nan, ajin ya zama namu. Da damina sai ka gan su a takure a baranda, feshin ruwa na jiƙa musu littattafai, mu kuwa muna ciki a bushe. A ƙauye za ki tarar da abin a juye. Can yaran coci ne da yawa, 'yan ƙalilan ɗin Musulmi yawancinsu yaran ruga ne, su za ki gani a waje. Zai yi miki ciwo, na sani, don zuciyarki irin tawa ce, ba ta da wuyar tafasa. In ya yi, ki tuna uwarki ta yi shekaru tana kallon irinsa ta taga ba ta ji komai ba. Ki je wurin hedimasta da ladabi ki roƙa a riƙa yin karɓa-karɓa, wannan mako waɗannan a ciki, mako mai zuwa waɗancan. Kwanon rufin nan da harajin kowa aka saye shi.

Malam Bitrus bai yi shiru ba, Allah Ya sani. Mutum ne mai sanyin magana, kullum da alli a gashin kansa. Ya same ni a ofishin malamai ya ce, "Malama Hauwa, 'yar nan taki Ladi, na ji an ce uwarta tana cikin matan zumunta a cocinsu. Ban taɓa ganinta a gindin mangwaro ba."

Na ce, "To Malam, ɗaure mata ƙafa na yi? Ƙofa ai a buɗe take."

Ya ce, "A buɗe take, Malama. Ke ce dai a tsaye a bakinta."

Kai, ranar na yi masa tatas. Na ce masa ya ji da yaransa, 'yar yayata ce, a gidana take ci take sha. Bai rama ba, ya ɗauki littafinsa ya fita. Ya rasu ban ba shi haƙuri ba. In abokin aiki na wani addini ya zo miki da magana a kan yaro, kada ki fara da tunanin makirci yake ƙullawa. Ki bari ya kai ƙarshen zancensa tukuna.

Maganar Lahadi kuwa, wallahi ban taɓa hana ta ba. Na dai tabbatar kullum akwai aiki. Yau wankin yunifom, gobe tsefe kai, wani makon in ce jarrabawa ta matso a zauna a yi bita. Cocin yana bayan layinmu, ina tsaye a madafa ina jin gangarsu. Maƙwabciyarmu Kirista ta sha leƙowa ta ce in ba ta Ladi su tafi tare, in ce sai mako mai zuwa. Yarinya ta gaji ta daina tambaya. Ni kuma a zuciyata ina jin daɗi, ina cewa alheri nake mata. Kada ki taɓa ɗaukar alkawarin da kika san za ki bi ta bayan gida ki warware shi. Gara ki ce ba za ki iya ba tun farko, mai ɗa ya san inda zai kai ɗansa.

Ladi ta zama abin da uwarta ta faɗa. Ba ta taɓa sauka daga na ɗaya ba, ta bar Sani a baya yana haushi. Ga murya, in tana karatu har malaman wasu azuzuwa kan tsaya a taga. A ranar rabon kyaututtuka al'adar makarantarmu ita ce a buɗe taro da addu'a biyu, yaro ɗaya na Kirista, ɗaya na Musulmi. Hedimasta ya ce in zaɓo na Musulmi. Na zaɓi Ladi. Na yafa mata gyalena da hannuna. Kuma dubi makantar zuciya, ni ce na aika wa Yaya cewa 'yarta ta zo na ɗaya, ta zo ta ga an ba ta kyauta. Har ga Allah na ɗauka alfahari za ta yi.

Ta zo a bayan motar doya, da ɗaurin doya da kaza a kwando, ta sha zanen zumuntarsu sabo fil. Aka ba ta kujera a sahun gaba. Yaron da Malam Bitrus ya zaɓo ya yi addu'arsa, Yaya ta rufe ido ta ce amin da ƙarfi. Sai aka kira Ladi. Ta fito a lulluɓe, ta ɗaga hannu, ta karanta Fatiha tiryan-tiryan, ta bi da addu'o'in da na koya mata. Iyaye sai masha Allah suke. Na dubi Yaya ina murmushi. Ba ta motsa ba, hannunta na kan kwandon kazar. Ta zauna har aka ba Ladi kyautarta, robar wanka da littattafan rubutu, ta tafa mata kamar kowa. Da aka tashi ta ja ni bayan aji, ta yi mini magana da Gwandara, yarenmu.

Ta ce, "Asabe, wa ya koya mata?"

Na ce, "A aji take ji, Yaya. Ita ta so."

Ta kira Ladi ta ce, "Ke kika so?"

Ladi ba ta dubi uwarta ba. Ni ta duba, irin kallon nan na ranar farko, tana jira in gaya mata amsa.

Yaya ta ce, "Kin gani? Uwarta na tambayarta, malamarta take kallo." Sannan ta ce, "Da a gidanki ta ɗauka, tana ganin kina salla ta bi ki, da na yi kuka na haƙura, na ce riƙo ne, mu ma haka aka yi mana. Da ta girma ta zo ta ce mini ta zaɓa, da na ce tsakaninta da Allah. Amma makarantar gwamnati na kawo ta. Ba taki ba ce, ba tawa ba ce. Kika tsaya da allin gwamnati a hannu ɗaya, bulala a ɗaya hannun, kika ce ita ta so."

Ta cire gyalen daga kan Ladi, ta ninke shi da kyau, ta miƙa mini. Ta ce, "Mun gode, Malama." Ta bar mini doyar da kazar, ta kama hannun 'yarta suka nufi tasha. Tun daga ranar ban ƙara jin Asabe a bakinta ba.

Da na bi su a makon nan na durƙusa, da wataƙila ta dawo mini da yarinyar, ko ta kai ta wani gidan ta ci gaba da karatu. Marigayi babanku ya yi ta fama da ni. Ya ce, "Hauwa, ki je. Ko a addinin namu amana aka ba ki, kika ci. Wa ya ce miki Allah na bukatar abin da aka samo ta haka?" Ina! Na ce ni da na ciyar na tufatar, ni zan je ba da haƙuri? Na zauna ina jiran a zo a gode mini. Ladi ta ƙarasa firamare a ƙauye da ƙyar, ba malamai, ba wanda zai tsaya mata ta wuce gaba. Yarinyar da za ta zama nas, yau doya take sayarwa a bakin titi. In kin yi kuskure, Maryam, ki je da wuri, tun kafin ki gama tsara hujjojinki. Ni na tsaya tsarawa, na tsara masu kyau kuwa, ga inda suka kai ni.

Allah bai bar ni haka ba. Da Sani ya shiga sakandaren kwana ta gwamnati, suka samu wani shugaban makaranta da ya ce kowane ɗalibi sai ya yi waƙar coci a taron safe, ya kuma sa gwaji daidai lokacin sallar Juma'a. Sani ya fita masallaci, aka zane shi. Na ci ɗamara da gyale na hau mota. Na shiga ofishin mutumin nan ina huci, na buga tebur na ce, "Makarantar cocinku ce ko ta gwamnati? Da wane iko za ka tsaya da bulala ka zaɓar wa ɗana addu'a?" Ina rufe baki na ji maganar wa na faɗa. Mutumin yana ta ba da amsa, ni ban ji ko ɗaya ba. A mota na yi kuka har wata mata ta tambaye ni ko rasuwa aka yi mini.

Za ki ce to daga nan sai na tafi ƙauye. Ban tafi ba. Da farko girman kai ne ya hana ni, daga baya kunya ta karɓe shi. Sai a makokin kawunmu na samu na durƙusa a gabanta, na ce, "Yaya, ina wuni." Ta ce, "Lafiya lau, Malama. Ya yara?" Cikin mutunci ta faɗa, ba tsawa ba harara. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Kada ki fahimce ni a karkace. Ban ce ki ajiye addininki a bakin ƙofar makaranta ba. Ki sa hijabinki, in lokacin salla ya yi ki yi sallarki, kowa ya san ke Musulma ce. In suna addu'arsu a taron safe ki tsaya da natsuwa, ba wanda ya isa ya sa ki faɗi abin da ba ki yarda da shi ba. In kika ga an tilasta wa yaran ruga, ki yi magana, a hankali, yadda Malam Bitrus ya yi mini. Amma aji ba masallaci ba ne, ba coci ba ne. In yaron wani ya ce yana son ya bi ki salla don yana ƙaunarki, kuma za su ƙaunace ki, ke da wannan surutun naki, ki shafa kansa ki ce ya je ya tambayi uwarsa. Kada ki ƙara wa yaro maki don sunansa irin namu ne. Iyayen nan da suke turo miki 'ya'yansu da safe ba su ba ki zukatan yaran ba, karatu da lissafi suka ce ki koya musu.

Ladi ba ta taɓa riƙe ni a zuciya ba, kin sani, tunda kina ganinta in ta shigo kasuwar Keffi takan biyo ta gaishe ni. Har yau Mama take ce mini, uwarta kuma Iya. Ba ta taɓa tayar da zancen ba. Sau ɗaya dai na raka ta asibiti da ɗanta, na ga yadda take bin wata nas da ido har matar ta sha kwana.

Makon jiya, ranar da kika tafi wurin mai ɗinki, Ladi ta zo. Ta ce, "Mama, Iya ta ji an turo Maryam. Ta ce 'yarta ba za ta kama haya a garin kakanninta ba. Ta sa an share ɗakin da ke jikin nata." Wannan kin sani, na gaya miki. Ga abin da ban gaya miki ba. Ladi ta ce Yaya ta tare Bafulatanar da ke kawo musu nono, ta shigar da ita ɗakin, ta ce ta nuna mata ina ne alƙibla. Da aka nuna mata, ta sa aka ja gadon gefe don ki samu wurin shimfiɗa. Ta sayi buta sabuwa da tabarma. Ta ce daga yanzu duk kazar da za a ci a gidan sai an kai ruga an yanka. Matar da idonta ya fara mutuwa, ga hawan jini, ita ce take lalube a ɗaki tana neman gabas saboda 'yata. Ni kuwa 'yarta ta yi shekaru a gidana, gangar coci na shigo mini har madafa, ban taɓa taka ƙafa na raka ta bakin layi ba.

Ladi ta ce 'yarta Rahila tana aji uku, kuma ajin ne ba shi da malami, wataƙila ke za a ba. Na daure na ce, "Ni fa, Iyarku ta ce wani abu?" Ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin zanenta. Ta ce, "Ta ce a gaida Malama."

Saboda haka ba na so ki roƙar mini komai. Kada ki ce mata Mama ta yi nadama, kada ki nuna mata takardar nan. Ki ɗebo mata ruwa, ki tuna mata shan magani, ki ci tuwonta ko da ya fi nawa tauri, kuma ya fi. Ki tashi da wuri, ban da wannan barcin naki na asara. Ki koya wa Rahila karatu iyakar ƙarfinki, in kanta irin na uwarta ne mu tsaya mata har inda Ladi ba ta kai ba. Ran Lahadi in kakarta ba ta iya tafiya, ki riƙe hannun yarinyar ki kai ta ƙofar coci, ki dawo. In aka kaɗa ƙararrawar nan ta miƙe ta dube ki, don Allah Maryam, kada ki juya ki fuskanci allo.

Abu ɗaya nake so ki yi mini. Yaya ta tsufa, ni ma na bi bayanta, ban san wa zai riga wani ba. Wata rana kuna zaune za ta kawo zancena, ko a kan tuwo ne, ko a kan ƙuruciyarmu. Ki kasa kunne ki ji da wane suna za ta kira ni. In ta ce Malama, ki bar shi a cikinki, kuma kada ki yi mini ƙarya don ki faranta mini, zan gane a muryarki. In kuwa ta ce Asabe, ko da suɓutar baki ne, ki kira ni nan take. Jakata a haɗe take, tana bayan ƙofa.

Allah Ya tsare mini ke daga sharrin hanya da sharrin baki. Ya sa ki fi ni adalci, Ya sa yaran mutane su samu alheri a hannunki. Ya ba yayata lafiya, Ya ara mana kwana ni da ita. Ki gaishe ta, ki durƙusa har ƙasa. Ki gaida Ladi da yara.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
Hauwa, wadda a can gida ake ce wa Asabe.